Haɗarin Ba Kamfani Kwangilar Gidan Yari

Gidan yari iri biyu ne idan aka duba wanda ke riƙe da shi. Akwai na hukuma, wanda gandirobobinsa ma'aikatan gwamnati ne, kuɗin tafiyar da shi kuma daga baitulmali yake fitowa kai tsaye. Akwai kuma wanda ake ba kamfani kwangila, shi zai ɗauki masu gadi, ya ciyar da fursunoni, ya yi musu magani, gwamnati kuwa ta riƙa biyansa, galibi a kan kowane fursuna a kowace rana. A Amurka wannan tsari ya yi ƙarfi, tun da aka kafa kamfanin Corrections Corporation of America a jihar Tennessee a 1983, wanda yanzu ake kira CoreCivic. Ingila ta bi sahu a 1992 da gidan yarin Wolds, Afirka ta Kudu kuma ta buɗe na Mangaung a 2001. A yau kimanin kashi 8 cikin ɗari na fursunonin Amurka suna hannun kamfanoni.

Amfanin da ake faɗa ba ya da yawa. Kamfani yakan gama gini da sauri, a samu sauƙin cunkoso, kuma idan ya gaza ana iya cin tararsa ko a soke kwangilar. Batun arha kuwa, sauƙin da ake samu kaɗan ne, wani lokaci ma babu, kuma yawanci daga rage albashin masu gadi da rage yawansu yake fitowa.

Babban abin tsoro shi ne yadda ake biyan kuɗin. Misalinsa kamar a ɗauki likita a ce za a biya shi gwargwadon kwanakin da majinyaci ya yi kwance a gadon asibiti, ranar da ya warke kuwa kuɗi ya tsaya. Ko da likitan nan mutumin kirki ne, an riga an jefa shi cikin jarraba, domin kowace sallama asara ce a gare shi, gadon da ya kwana ba kowa kuma giɓi ne a aljihunsa. To ina ga wanda ba ya tsoron Allah? Haka kamfanin gidan yari yake. Jama'a suna son laifi ya ragu, masu hannun jari kuwa ribarsu tana ga cikar ɗakuna. A 2012 kamfanin Corrections Corporation of America ya rubuta wa jihohi 48 yana tayin sayen gidajen yarinsu, bisa sharaɗin kwangilar shekara 20 da alkawarin cewa ba za su gaza cika kashi 90 cikin ɗari ba. Ke nan jiha za ta yi alkawarin samo fursunoni tun kafin a aikata laifin.

Abin da ya faru a gundumar Luzerne ta jihar Pennsylvania ya isa ishara. Alƙalai biyu, Mark Ciavarella da Michael Conahan, sun karɓi kusan dala miliyan 2.8 daga masu hannu a wuraren tsare yara na kamfani. An rufe na hukuma, aka shiga tura yara wuraren kamfanin a kan laifuffukan da faɗa da nasiha sun ishe su. A 2011 aka yanke wa Ciavarella ɗaurin shekara 28, bayan an riga an soke dubban hukunce-hukuncen da ya yi, amma kwanakin da yaran suka yi a tsare ba mai mayar musu. Fursuna amana ne a hannun shugaba, kuma addini bai halatta a zalunce shi ba don ya yi laifi. Jami'in da ya sa hannu a kwangila ya koma ofis ya miƙe ƙafa, bai leƙa ya ƙirga masu gadi ba, bai ɗanɗana abincin da ake dafawa ba, ya ci amana, kuma alhakin abin da ya biyo baya yana wuyansa.

Ba a ce gidajen yarin hukuma tsarkakakku ne ba. Su ma akwai cunkoso da duka da cin hanci. Sai dai rahoton babban sufeton Ma'aikatar Shari'a ta Amurka na 2016 ya nuna cewa matsalolin tsaro sun fi yawa a na kwangila. Gwamnatin Birtaniya ta ƙwace gidan yarin Birmingham daga hannun kamfanin G4S a 2018. A Mangaung, wani mai kisan kai, Thabo Bester, ya tsere a 2022 bayan an yi ƙaryar ya mutu a gobara, sai a Tanzaniya aka kama shi a 2023. Kotun Ƙolin Isra'ila ta haramta tsarin gaba ɗaya a 2009. Gwamnatin tarayyar Amurka kuwa ta kasa tsayawa wuri ɗaya: a 2016 ta ce za ta daina, ta janye maganar a 2017, ta hana sabunta kwangilolin a 2021, sannan ta ɗage hanin a 2025.