Kafin Ka Kafa Allon Shagonka

Mutane da yawa na zaton in sun kama hayar shago, sai su rataya duk abin da suka ga dama a gabansa. Ba haka abin yake ba. Shago naka ne, amma bakin titi na kowa da kowa ne, shi ya sa hukuma ke sa ido a kansa.

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a Jadawali na Huɗu, ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da allunan talla. Wasu wurare kuma sun kafa hukuma takanas domin wannan aiki: Legas na da LASAA tun 2006, Abuja na da sashen DOAS. Saboda haka fara zuwa sakatariyar ƙaramar hukumarku, ka tambayi ofishin da ke ba da izini.

Me za ka riƙe? Takardar neman izini, da hoton gaban shago, da zanen allon mai nuna tsawonsa da faɗinsa, da yardar mai gida a rubuce. Kuɗin ya danganta da girman allo da unguwar da yake. Galibi shekara-shekara ake sabuntawa.

Kada ka ɗauka neman kuɗi kaɗai ne. Allon da aka girke a kan kwana yana tare wa direba gani. Wanda aka haƙa wa rami a bakin lambatu yana toshe hanyar ruwa. Dogon ƙarfe kusa da wayar lantarki kuwa, ranar da iskar farkon damina ta taso, sai dai Allah ya kiyaye.

To, in shagonka na cikin lungu fa, ba mai ganinsa sai ka fito da allo bakin hanya? Ko kuwa kana son wanda ya zarce girman da aka ƙayyade? Akwai mafita. Rubuta takardar neman sassauci, ka faɗi dalilinka, ka nuna cewa ba za ka cuci maƙwabci ko mai wucewa ba. Jami'ai su zo su duba da idonsu. In sun amince, su ba ka a rubuce. "Oga ya ce ba komai" ba izini ba ne; ranar da aka zo da jan fenti da motar kwasa, ba za ka ga ogan ba.

Jama'a, rigakafi ya fi magani. A nemi izini kafin a kira mai walda. A biya a inda hukuma ta ce, ba a hannun ɗan kamasho ba. A karɓi rasit, a adana shi a shago.