Haƙƙin Raino Bayan Saki

Igiya ta tsinke, zumunta ba ta tsinke ba,
An saki uwa, ai ba a saki ɗanta ba.
Mai ƙwace jinjiri don ya huce haushi,
Bai san hisabin da ke jiransa ba.

Sharhi: Ya ɗan'uwa, ka sani raino, wato hadana, haƙƙin yaro ne kafin ya zama na iyaye. A mazhabar Imamu Malik uwa ce ke riƙon ɗa namiji har ya balaga, mace kuwa har ta tare gidan miji. In uwa ta auri bare, sai riƙo ya koma ga kaka ta wajen uwa. Ci da sha da tufa da kuɗin makaranta suna wuyan uba. A Muwaɗɗa, Sayyidina Umar ya ɗauki ɗansa Asim a Ƙuba, kakar yaron ta ja da shi, Sayyidina Abubakar ya bar mata shi, Umar bai yi musu ba.

A nan Ankara, cikin Nima, na ga wani ya ƙwace yaro ɗan shekara 4 ya kai wa kishiyar uwarsa. Yaron ya rame, ya daina wasa, da ya tasa ya bar allo ya bi yawon kasuwar Mamobi. Dokar yara ta Gana ta 1998 ma maslahar yaro ta sa gaba.

To, kada ka rama gayya a kan ɗanka, kada uwa ta hana shi ganin ubansa. Allah Ya shirya mana zuriya, amin.