Yadda Ake Tace Maimaici Daga Jeri da set a Python

Mai sayar da data da ya kwaso lambobin kwastomominsa daga rukunonin WhatsApp uku zai tarar wasu sun fito sau biyu, wasu sau uku. Idan ya tura saƙon talla a haka, zai biya kuɗi kan kowane maimaici, ga kuma gundurar mutane. Python na da wani ma'aji mai suna set wanda ba ya riƙe abu ɗaya sau biyu.

Ba sai da kwamfuta ba. Manhajar Pydroid 3 a wayar Android ta isa a gwada wannan:

```
sunaye = ["Aisha", "Musa", "Aisha", "Bala", "Musa"]
tace = set(sunaye)
print(len(tace))
```

Amsar ita ce 3, domin maimaicin ya zube da kansa.

Inda set ya fi daɗi shi ne wajen kwatanta rukuni biyu. Idan a da b rukunoni ne, `a & b` zai fitar da waɗanda ke cikin duka biyun, `a | b` ya haɗe su wuri guda, `a - b` kuma ya nuna waɗanda ke a amma ba sa b.

Sai dai set ba ya tunani, harafi da harafi yake dubawa. A wurinsa "Musa" da "musa" mutum biyu ne, kuma lambar da ta fara da 0803 daban take da wadda aka rubuta da +234803, ko da layi ɗaya ne. Dole a fara daidaita rubutun kafin a tace. Akasin haka ma na faruwa: idan kwastomomi biyu duk sunansu Musa, ɗaya zai ɓace ba tare da wani gargaɗi ba. Shi ya sa tacewa da lambar waya ta fi tacewa da suna.

Haka kuma set ba ya kiyaye wanda ya riga wani shigowa. Mai buƙatar jerin yadda yake sai ya rubuta `list(dict.fromkeys(sunaye))`, wanda ke kiyaye tsari tun daga Python 3.7.

Kuskuren da ke yawan kama sababbin koyo kuwa shi ne rubuta `{}` da nufin buɗe set wanda babu komai a ciki. Wannan dict yake bayarwa. `set()` ake rubutawa.