Awon Masu Shanyewar Jiki Da Kuɗin Asibiti: Abin Yi Da Abin Bari

Wannan gargaɗi na ma'aikatan asibitocin Tiga, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa ne, musamman masu gashin ƙashi da masu cike takardun inshora. Tun da Kano ta yi dokar taimakekeniyar lafiya a 2016 aka kafa hukumar KSCHMA, dokar tarayya ta 2022 kuma ta wajabta inshorar lafiya, abin da alƙalaminku ya rubuta a kan mara lafiya ya zama kuɗi. Ƙaramin asibiti kuɗin wata yake karɓa a kan kowane mai rajista, ya zo ko bai zo ba. Asibitin da aka tura mutum kuwa, gwargwadon aikin da ya nuna a takarda ake biyansa.

Kada ku auna mutum da baki. Dattijon da hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki, in kun ce "Baba, yaya jiki?", "da sauƙi" zai ce, ko yatsa ba ya iya ɗagawa. Ku miƙa masa buta. Ku ce ya sa riga, ya miƙe, ya taka zuwa ƙofa. Abin da ido ya gani shi ake rubutawa.

Ku riƙe ma'auni ɗaya ranar kwanciya da ranar sallama. Ma'aunin Barthel, wanda aka fitar a Amurka a 1965, ya ishe ku: abubuwa goma, maki daga 0 zuwa 100, ba ruwansa da na'ura ko wutar lantarki. Ci, wanka, gyaran jiki, sa tufafi, riƙe fitsari, riƙe bayan gida, shiga banɗaki, tashi daga gado zuwa kujera, tafiya, hawa matakala.

Amma kada ku manta ba don gidajenmu aka tsara shi ba. Wane bene ne manomin ƙauyen Ƙiru zai hau? Dokin ƙofar zaure ne abokin gwagwarmayarsa, sai bayan babur. Wanda ya iya sauka daga gadon asibiti mai tsayi ba lallai ya iya tashi daga tabarma ba, a tabarmar kuma zai kwana. Masansa na tsuguno ne. Idan hannun dama ne ya mutu, ku bambance wanda ya kasa cin tuwo da wanda ya ƙi ci da hagu. Maki ɗaya za ku so ba su, alhali na biyun lallashi yake buƙata. Ku cike ma'aunin yadda yake, sannan a ƙasa ku ƙara layi biyu: yana iya alwala da kansa? A tsaye yake salla, a zaune, ko a kwance? A ganina waɗannan layukan sun fi makin faɗin gaskiya.

Kada ku tambayi dattijo maganar fitsari a gaban surukarsa. Ku fitar da kowa, sannan ku tambayi mai jinyarsa a gefe.

Kada ku rage maki ranar shiga don mutum ya yi kama da wanda ya fi jin jiki. Wannan ɗabi'a ba baƙuwa ba ce. A Amurka, tun Janairun 2002 shirin Medicare yake biyan asibitocin farfaɗo da marasa lafiya bisa irin wannan awo, wanda ya fi nakasa ya fi kawo kuɗi. A 2019 kamfanin Encompass Health ya biya dala miliyan 48 don a kashe zargin cewa wasu asibitocinsa sun rubuta wa mutane cututtukan da ba su da su. Can da kwamfuta da masu bincike ke nan, balle nan.

Kada ku ƙara maki ranar sallama don a ce gashi ya yi aiki. Matar mara lafiyar ce za ta ɗauki nauyin makin da kuka ƙara, a bayanta, zuwa banɗaki.

Kada ku rubuta zaman gashin da ba a yi ba. Daga albashin malamin firamare aka cire kuɗin nan.

Ku rubuta ko mara lafiya ya fara zuwa wurin mai ɗori, da kwanakin da ya yi a can, ba tare da yi masa faɗa ba. In kun tsawata, na gobe zai ɓoye.

Ku kuma jami'an hukuma, kada ku biya daga ofis a Kano kuna kallon lambobi kawai. Ku ɗauki fayil biyar, ku je gidajen masu su.

Ma'aikatan asibiti, kada ku sallami mutumin Riruwai da rubutun "ya riƙa zuwa asibitin Dala gashi sau uku a mako", kun san sai ya ratsa dajin Falgore, kun san kuɗin mota. Kafin ya bar gado, ku zaunar da ɗansa, ku koya masa miƙar da hannu da ƙafa, da juya shi don kada gyambon kwanciya ya kama shi, ku sa ya yi a gabanku har sau uku.