Awa Nawa Jirgi Yake Yi Daga Katsina Zuwa Jidda?

Wani mai karatunmu daga Makera ta ƙaramar hukumar Dutsin-Ma ya aiko da tambaya mai daɗi. Ya ce baffansa ya je aikin hajji, da ya dawo ya ba su labarin cewa tafiya ta ci awa shida da rabi, dawowa kuwa awa biyu da rabi kacal. Shin hanyar dawowa ta fi kusa ne, ko jirgin ne ya ƙara wuta?

Madalla da wannan tambaya, ɗana. Baffa bai yi kuskuren duba agogo ba, sai dai agogo biyu ya duba, ba ɗaya ba.

Bari mu fara da nisan. Daga filin jirgin saman Umaru Musa 'Yar'aduwa na Katsina zuwa filin Sarki Abdul'aziz na Jidda, in an miƙe sak, kimanin kilomita 3,500 ne. Zuwa Madina ya ɗan ɗara, wajen 3,600. Daga Kano kuma ya ɗan ragu. Babban jirgin fasinja yakan yi gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa ɗaya in ya daidaita a sama. Ka ga awa huɗu ke nan. Sai ka ƙara lokacin hawa da na sauka, inda ba ya sakin gudu duka, ka samu awa huɗu da rabi zuwa biyar.

To, ina sauran awa biyun suka fito? Saudiyya tana gabas da mu, rana tana riga fito musu, saboda haka agogonsu yana gaban namu da awa biyu. A ce jirgi ya tashi Katsina ƙarfe 10 na dare. Bayan awa huɗu da rabi, a Makera ƙarfe 2:30 ne, amma agogon bangon Jidda 4:30 zai nuna, asuba ta kusa. Ranar dawowa lissafin ya juya: a bar Jidda ƙarfe 10 na safe, a sauka Katsina 12:30 na rana. Tikiti ma haka yake, kowane gari da agogonsa ake rubuta masa. Shi ya sa nake roƙon maniyyata su gyara agogonsu tun kafin a sauka, don kada lokacin salla ya rikice musu.

Amma fa ba kullum jirgi yake samun miƙewa ba. Hanyar da ta fi gajarta tana ratsa Chadi da Sudan, ta tsallaka Bahar Maliya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023, aka rufe sararin samaniyarta, dole jiragen alhazanmu na wannan shekara suka yi zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, mai ya ƙara ƙonewa, kuɗin jirgi ya tashi. Iska ma tana da nata rabon: in tana bayan jirgi ta tura shi, in tana gabansa ta rage masa sauri.

Wannan hanya ta Chadi da Sudan ita ce kakanninmu suka bi da ƙafa da jakuna, ta Barno da Darfur har gaɓar teku a Sawakin. Wasu sun yi shekaru kafin su ga Ka'aba, wasu suka zauna a Sudan, jikokinsu suna can har yau suna jin Hausa. In ka gaishe da Baffa, tambaye shi ko ya leƙa ta taga lokacin da suke wucewa.