Darasi: Cike Giɓi da Gadar Haƙori

Baligi yana da haƙora 32. Na gaba suna gatsa, fiƙoƙi suna yaga nama, turame kuma suna niƙa abinci. Idan ɗaya ya fita, mutane da yawa sukan ce, "Ai saura da yawa." Ɗan'uwa, kada ka raina giɓi ko da na haƙori ɗaya ne.

Me giɓi yake jawowa?

Haƙora suna tokare da juna kamar itatuwan shinge. In aka zare ɗaya, na kusa da shi sai su fara karkata zuwa wurin da ya buɗe. Haƙorin da ke fuskantar giɓin kuma yakan yi ta zurowa, domin ba abin da ke tare shi. Abinci yana maƙalewa a tsakani, ruɓa ta shiga, dasashi ya kumbura. Tauna takan yi wuya, har mutum ya bar nama da gyaɗa ya koma kunu da fura kaɗai. Tsoho ko mai jinya da ba ya iya tauna, ƙarfinsa yakan ragu.

Mece ce gadar haƙori?

Ka san gada tana tsayawa ne a kan ginshiƙai biyu, ɗaya a kowace gaɓa. Haka wannan take. Haƙoran da ke hagu da dama na giɓin su ne ginshiƙai. Ana ƙera musu huluna, sabon haƙori yana haɗe a tsakiyarsu. Da ƙarfe ake yin ta, ko tangaran mai launin haƙori, ko duka biyun. Ana manna ta da wani irin siminti na likita, ba a cire ta da dare.

Yadda ake aikin

1. Likitan haƙori zai duba bakinka, wani lokaci ya ɗauki hoto don ya ga saiwoyin.
2. In ba a daɗe da cire haƙorin ba, za a jira makonni har dasashi ya warke.
3. Za a yi maka allurar kashe zafi, a goge haƙoran nan biyu su rage girma yadda hula za ta zauna.
4. Za a ɗauki awon bakinka, a sa maka ta wucin gadi.
5. In ka komo, za a gwada ta ainihin, a gyara inda ya tokare, sannan a manna.

Saboda haka sai ka yi shirin zuwa aƙalla sau biyu. In garinku da nisa, ka tambayi kuɗin aikin da ranar komowa tun a zuwan farko.

Ba kowa take yi wa ba

In haƙoran gefe suna girgiɗi, ko dasashi yana jini, sai an yi maganin wannan tukuna. In giɓin yana da faɗi ƙwarai, ginshiƙan ba za su iya ɗaukar nauyin ba. Haƙoran roba da ake sawa a cire sun fi dacewa, sun kuma fi sauƙin kuɗi. Ka sani kuma, abin da aka goge a jikin haƙori ba ya sake tohowa. In kana da ciwon sukari ko hawan jini, ke kuma in kina da ciki, a faɗa wa likita kafin a fara.

Yadda za ka kula da ita

Gadar ba ta ruɓa, amma haƙoran da ke ƙarƙashin hulunan suna iya ruɓa. In ginshiƙi ya lalace, gada ta faɗi.

- Ka goge baki safe da dare da buroshi da man goge baki, ko asuwaki mai laushin kai.
- Kullum ka fitar da abincin da ya shige ƙarƙashinta. Likita zai nuna maka zaren da ake zurawa.
- Kada ka fasa ƙashi, ko ka buɗe kwalba da ita.
- Ka rage alewa, lemon kwalba da shayi mai yawan sukari.

In an kula da ita, takan kai shekara 10 ko fiye.

Gargaɗi

Kada ka ba masu sa haƙori a kasuwa bakinka. Kayan aikin da ba a dafa ba suna iya ɗaukar ciwon hanta ko ƙanjamau daga wani zuwa gare ka. Araha ba ta ado.

Ka komo asibiti da sauri in gadar ta fara motsi, ko ka ji ciwo ko wari daga ƙarƙashinta, ko fuska ta kumbura. In ta fita, kada ka manna ta da gam. Ka ƙunshe ta a tsumma mai tsabta ka kawo.

Tambayoyi

1. Me ke faruwa da haƙoran da ke kusa da giɓi?
2. Su wane ne gada ba ta dace da su ba?
3. Me za ka yi in gadarka ta fita?