Amsoshin Tambayoyinku: Husaina Ma Ta Tafi Rabin Aji?

Tambaya: Ni uwa ce a Gwashi, ƙaramar hukumar Bukkuyum. Ina da tagwaye, Hassan da Husaina, sun cika shekara 5. Hedimasta ya ce a kawo su rabin aji. Inna, uwar mijina, ta ce Hassan ya tafi, Husaina ta zauna ta riƙa kama mini jaririn da nake goyo, allo ya ishe ta tukuna, in ta ƙara wayo a sa ta. Ta ce wasa kawai ake yi a can, ga shi gari ba lafiya. Maigidana bai ce komai ba. Akwai asara idan ta jira shekara biyu?

Amsa: Allah ya raya mana su. Akwai asara, kuma ta fi yadda ake zato. Bari mu yi lissafin tare.

Idan Husaina ta shiga rabin aji bana, za ta shiga aji ɗaya tana shekara 6, ta gama firamare tana 12, ta gama ƙaramar sakandare tana 15. Idan ta jira, sai ta shiga aji ɗaya tana 8, ta gama firamare tana 14, daidai lokacin da ake fara sallama a ƙofar gida. Wannan ma idan an sa ta ke nan. Abin da na fi tsoro shi ne maganar nan ta "in ta ƙara wayo". Ranar da yarinya ta ƙara wayo, ranar amfaninta a gida ke ƙaruwa: ta iya ɗebo ruwa, ta iya wanke-wanke, ta iya ƙirga canjin talla. Kafin a yaye wannan jaririn wataƙila wani na tafe. Da yawa daga cikin 'yan matan da ba su taɓa zama a aji ba, babu wanda ya tashi ya ce ya hana su. Jira aka ce su yi.

Rabin aji ba alfarma ba ce daga hedimasta. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin ilimin matakin farko, sannan manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 ta tanadi shekara guda ta share fage kafin firamare a makarantun gwamnati. Ba a ware wa namiji ita ba.

Batun wasa, Inna ta faɗi gaskiya, wasa ake yi. Sai dai da wasa yaro ɗan shekara 5 yake koyo. Zuwa wannan lokacin ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girman ta babba, kuma abin da ke gina ta shi ne abinci, lafiya, magana da wasa. Yarinyar da ke carafke ƙirga take yi, wadda ke sauraron tatsuniya tana koyon riƙe zance daga farko zuwa ƙarshe. A aji ana ɗora wa wannan riƙe alli, gane baƙi, da buɗe baki a amsa tambaya gaban mutane. Wannan na ƙarshen shi na fi so wa Husaina, domin a gida an fi yabon yarinya da shiru. Mutanen Bukkuyum da Anka kuwa ba sai an faɗa musu tsadar waɗannan shekaru ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su 'Yargalma, Dareta da Abare, mafi yawansu 'yan ƙasa da shekara 5, saboda dutsen zinarin da ake daka shi a cikin gidaje, wasu da suka rayu kuma ta taɓa musu ƙwaƙwalwa.

Allo kada a bari, ga su duka biyun. Amma a ce allo na mace, boko da allo na namiji, wannan ba daga malamanmu aka gada ba. Lokacin da Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo yake yawon wa'azi a nan ƙasar Zamfara, wani malamin Barno, Mustafa Gwani, ya soki yadda mata ke zuwa majalisinsa. Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi ya ba shi amsa, kuma gundarin amsar shi ne barin mata cikin jahilci ya fi muni. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ta kafa 'Yan Taru, inda malamai mata da ake kira jaji suke jagorantar matan karkara zuwa ɗaukar karatu. Tsohuwa za ta fi sauraron wannan fiye da duk wata dokar Abuja.

Tsoron hanya ba na raina shi. Wanda ya ga abin da ya faru a Jangebe a Fabrairun 2021, aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar kwana, ba zai yi wa uwa dariya ba. Amma rabin aji a cikin gari yake, 'yan awoyi ne da safe. Idan rana ta yi muni har Husaina ba za ta fita ba, Hassan ma bai kamata ya fita ba. Ku haɗa kai da maƙwabta, kullum babba ɗaya ya raka yaran unguwa ya dawo da su.

Sai raino, wanda a ganina shi ne ainihin maganar. Kina buƙatar hannu, wannan ba ƙarya ba ne. Amma 'yar shekara 5 ita ma raino take buƙata. Aikin da ya wajaba na safe a rage shi ko a matsar da shi, ƙananan aike kuma a raba tsakanin tagwayen. Hassan zai iya zama kusa da ƙaninsa yana masa wasa, ba abin da zai ragu a jikinsa.

In sun shiga, kada ki tsaya a rajista. Ki riƙa tambayar Husaina ko malam ya kira ta yau, ko ta riƙe alli, ko shara aka sa ta yayin da maza ke karatu. Ki bincika ko makarantar na da kwamitin gudanarwa da ƙungiyar iyaye mata. Shirin ilimin 'ya'ya mata na UNICEF, wanda ya yi aiki a Zamfara daga 2012 zuwa 2022, a kan irin waɗannan ya dogara, da kuma ɗaukar nauyin 'yan matan karkara su karanci koyarwa su koma garuruwansu. Idan babu malama mace ko babu bayan gida, ta bakin kwamitin ake kai kuka ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, daga nan zuwa hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, a Gusau.

Kada ki yi jayayya da Inna. Ki samu maigida a keɓe, ki yi masa lissafin shekarun nan, shi ya je wa mahaifiyarsa da maganar cikin ladabi. Ku nemi ta yarda a gwada zango ɗaya, kuma ku roƙe ta ita da kanta ta kai jikokinta ranar farko, ta ga ajin da idonta.